Juyin Katantanwa: Dalilin Kafa wa Tsofaffin Jiragen Shawagi Iyaka

Gabatarwa

A GRA ta Bauchi na tashi. Tun ina yaro nakan zura wa shirwa ido da rana tsaka, tana hawa sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Daga baya na gane cewa iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa take hawa. Da wannan dabara jirgin shawagi mai inji yake aiki: ya tashi da injinsa, a sama matuƙi ya kashe shi, iska ta ɗauke shi. Misalansa su ne Scheibe SF-25 Falke da ya fara tashi a 1963, da Grob G 109 na 1980, duka ƙirar Jamus.

Mene Ne Juyin Katantanwa?

Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa lami lafiya. Idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi har kusurwar da fiffike ke tarar iska ta kai wajen digiri 15, iskar takan suɓuce, ɗaukar ta ragu. In kuma jirgin ya karkace a wannan lokaci, fiffike ɗaya zai fi ɗaya faɗuwa, jirgin ya sunkuya yana juyawa kamar katantanwar yara.

Maganin da aka fi koyarwa shi ne a rage inji gaba ɗaya, a mayar da sandar tuƙi tsakiya, a taka fedar da ke kishiyar juyin, sannan a tura sandar gaba. Sai dai littafin kowane jirgi shi ne alƙali.

Me Ya Sa Ake Hanawa?

A yawancin irin waɗannan jirage akwai rubutu gaban matuƙi da ya hana shiga juyin da gangan. Na farko, fikafikansu dogaye ne. Na G 109 sun haura mita 16, kuma dogon abu in ya ɗauki juyi yana da wuyar tsayarwa. Na biyu, idan nauyi ya koma baya, juyin yakan kwanta, fedar ta rasa ƙarfi. Na uku, jikinsu sumul ne, don haka wajen fita daga juyin gudu kan ƙaru da sauri har ya nufi jan layin da ke kan agogon gudu. Na huɗu, tsufa: fikafikan Falke katako ne da yadi, kuma gam da gyare-gyaren shekaru sukan sauya ƙarfi da nauyin jirgi.

Darasi Gare Mu

Bauchi na bisa tudu na kimanin mita 600, ga zafin Maris da Afrilu. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka ƙaramin inji yakan buƙaci doguwar hanya kafin ya tashi, hawansa kuma ya yi nawa. A nan ne matuƙi mai gaggawa yakan ja hanci fiye da kima, alhali kusa da ƙasa babu sararin gyara kuskure.

Kammalawa

Abin da na fahimta shi ne, iyakar da aka rubuta ita ce inda gwajin masu ƙera jirgin ya tsaya. Wanda ya tsallake ta ya mayar da kansa abin gwaji. Ina fata ɗalibanmu masu sha'awar shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, za su riƙe wannan. Mu kuma ɗaliban Hausa, aikinmu ne mu samar wa fannin kalmomin da kowa zai gane.