KOYON HARSHEN WAJE TA HANYAR WAYA DA INTANET

Kasuwar shanu ta Potiskum, a Jihar Yobe, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Fatake suna zuwa mata daga Nijar da Cadi da Kamaru. Galibin cinikin da Hausa da Fulatanci da Barbarci ake yinsa, amma da zarar falke ya ƙetare iyaka, sai ya tarar takardun kwastan da na likitan dabbobi an rubuta su da Faransanci. Wanda bai iya karanta su ba, tilas ya dogara ga tafinta, ya sa hannu a kan abin da bai sani ba.

Dalilin Koyo

Ƙasashe huɗu da ke maƙwabtaka da Nijeriya, watau Benin da Nijar da Cadi da Kamaru, duk suna aiki da Faransanci a ofisoshinsu. Cadi kuma ta haɗa da Larabci. Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala, cikin Jihar Borno, a 1992. Amma waɗannan wurare ɗaliban manyan makarantu ne suka fi cin moriyarsu. Falke da direba da magidanci ba su da sukunin barin sana'a su tafi can.

Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, sa'an nan intanet ta biyo ta cikin aljihun jama'a, wannan uzuri ya ragu ƙwarai. Mutanen Potiskum kuwa ba baƙin harsuna ba ne. Yaro yakan tashi da Ngizimanci ko Karekare ko Bolanci a gida, ga Hausa a kasuwa, ga Turanci da Larabci a makaranta. Ƙara harshe ɗaya ba zai gagare shi ba.

Kayan Aiki Iri Huɗu

1. Manhajar darasi. Duolingo, wadda aka buɗe wa jama'a a 2012, tana ba da gajerun darussa kyauta. Sai dai da Turanci ko Larabci ko wasu harsunan waje take yi wa mai koyon Faransanci bayani, don haka sai wanda ya ɗan iya ɗayansu.

2. Sauraro. Gidan rediyon Faransa, RFI, yana da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci, tare da rubutunsu. Mai koyo ya fara jin labarin duniya a Sashen Hausa, sa'an nan ya saurari na Faransanci. Da yake ya riga ya san zancen, kunnensa zai kama kalmomi da sauri.

3. Fassara. Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta a 2013. Tana da amfani wajen neman ma'anar kalma, amma takan yi kure a karin magana da doguwar jimla. Kada a dogara gare ta a takardar ciniki ko ta magani.

4. Hira. Wannan ita ce uwar koyo. Mai abokin ciniki a Diffa ko Damagaram ya roƙe shi su riƙa musayar saƙon murya ta WhatsApp da Faransanci, yana gyara masa.

Misali Daga Lissafi

Falke ya fara da ƙidaya, domin nan ne hasara take. Bafaranshe ba ya da kalma guda ta tamanin: cewa yake yi ashirin huɗu, quatre-vingts. Casa'in kuwa ashirin huɗu da goma ce. Wanda kunnensa bai saba ba yakan ji huɗu da ashirin, ya ɗauka 24 ake nufi, alhali 80 ce. A cinikin dubban sefa, wannan kure ba ƙarami ba ne.

Yadda Za A Tsara Koyo

Minti ashirin kowace rana ya fi sa'a uku a ranar hutu kaɗai, domin kalmar da ba a maimaita ba takan gudu. A tanadi littafi, a rubuta kalmomi biyar kullum, waɗanda suka shafi sana'ar mutum. A faɗe su da ƙarfi, a ɗauki murya a waya, a gwada da ta mai harshen. A sauko da darasin murya lokacin da layi yake da kyau, domin sauraro ya fi bidiyo sauƙin kuɗi. In waya ɗaya ce a gida, a zauna tare da mata da yara a yi darasin.

Gargaɗi

Akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunan abokin koyo. Kada a ba baƙo lambar BVN, ko lambar sirri ta banki, ko hotunan iyali. Iyaye su sa ido a kan wanda 'ya'yansu ke hira da shi.

Waya ba ta maye gurbin malami. Inda aka sami wanda ya iya harshen a unguwa, a kai masa abin da ya shige duhu, domin matambayi ba ya ɓata. Kada kuma shekaru su sa dattijo ya ji kunyar farawa, gama gemu ba ya hana ilmi.