Darasi: Riƙe Ƙarfin Jiki Har Tsufa

A karanta wannan darasi a taron zumuntar mata, a ɗakin jiran likita, ko a gida tare da tsofaffi. Mai karantawa ya tanadi kujera mai ƙwari da gorar ruwa cike, domin a gwada abin da aka ji nan take.

Wata damina an kawo mana wata tsohuwa daga ƙauye. Ta zame a bakin rijiya, ta tokare da hannu, ta karye a wuyan hannu. Muka sa mata filasta, muka ce ta dawo bayan mako shida. Ranar da ta dawo, ƙashin ya ɗoru lafiya. Amma matar da ta shigo da ƙafarta a karon farko, wannan karon mutum biyu ne suka riƙo ta. Na tambayi surukarta abin da ya sami ƙafafun. Ta ce, "Babu komai, Malama. Mun dai hana Inna yin komai. Ko ruwa kai mata muke yi." Da ƙauna suka yi haka. Sai dai mako shida a kan tabarma ya cinye mata ƙarfin da karayar ba ta taɓa ba.

1. Abin da ke faruwa da jiki

Tsoka ita ce naman da ke jan ƙashi har mu iya tashi, mu yi tafiya, mu ɗauki kaya. Tun daga wajen shekara 30 tsoka takan fara raguwa a hankali, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma. Bayan shekara 60 raguwar tana ƙara sauri. Zama da kwanciya suna ƙara mata gudu. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007, lafiyayyun tsofaffi sun kwanta a gado kwana 10, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa.

Idan cinya ta yi rauni, mutum yakan faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Wanda ya faɗi sau ɗaya yakan ji tsoron tafiya, sai ya ƙara zama, ƙafar kuma ta ƙara rauni.

Tsoka tana dawowa idan an ba ta aiki, ko a wace shekara. A 1990 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da tsofaffi masu shekara 86 zuwa 96. Sun yi mako takwas suna ɗaga nauyi da ƙafa, ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau biyu. Ƙashi ma haka yake: yana ƙara ƙwari idan yana ɗaukar nauyi, yana dushewa idan an bar shi.

2. "Ai mu kullum aiki muke yi"

Gaskiya ne. Mai noma da mai daka da mai ɗiban ruwa suna motsa jiki fiye da mai zaman ofis. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, aikinmu iri ɗaya ne kullum, yawanci a duƙe. Baya da wuya suna shan wahala, wasu tsokoki kuma ba sa samun rabonsu. Na biyu, aikin yakan tsaya gaba ɗaya. Da zarar 'ya'ya sun girma, an kawo amarya, sai a ce, "Kaka, zauna ki huta." Ko ciwo ya kwantar da Baba wata guda, ya tashi ya kasa komawa gona. Daga nan ƙarfi ke zubewa. Girmama tsoho shi ne a sauke masa aikin da ya fi ƙarfinsa, a bar masa wanda zai iya: shara, ɓarar gyaɗa, kiwon kaji, tafiya majami'a ko masallaci da ƙafarsa.

3. Gwada kanka

Jingina kujera da bango don kada ta zame. Zauna, ka harɗe hannuwa a ƙirji. Tashi tsaye ka koma zaune sau biyar ba tare da dafa komai ba. Wani ya tsaya kusa da kai. Idan ka kasa, ko sai da ka dafa gwiwa, cinyoyinka suna neman aiki. Babu abin kunya a ciki. Daga nan za ka fara.

4. Motsi biyar na gida

Ba sa bukatar kuɗi ko na'ura. Kafin ka fara, yi tafiya a tsakar gida minti biyar don jiki ya yi ɗumi.

Na ɗaya, tashi da zama. Kamar yadda ka yi a gwaji. Tashi da ƙarfi, zauna a hankali, kada ka faɗa kan kujerar. Idan da wuya, fara da kujera mai tsawo ko ka dafa da hannu ɗaya.

Na biyu, tura bango. Tsaya taku ɗaya daga bango, ɗora tafukan hannu daidai kafaɗa. Lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusa bango, sannan ka tura ka koma.

Na uku, ɗaga duga-dugai. Dafa bango ko turmi, ka tsaya a kan yatsun ƙafa, ka sauko a hankali.

Na huɗu, ɗaga gora. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Riƙe gora a kowane hannu, ɗaga zuwa kafaɗa, sannan sama da kai idan kafaɗar ba ta ciwo, ka sauke a hankali.

Na biyar, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Dafa bango, ɗaga ƙafa ɗaya, ƙirga goma, ka sauya. Da ka saba, ka kai talatin, ka rage dafawa zuwa yatsa ɗaya.

Yi kowane motsi sau 8 zuwa 12, huta kaɗan, ka sake zagaye na biyu. Idan sau 12 ya zama wasa, ƙara nauyi: babbar gora, ko a zuba yashi a maimakon ruwa. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ƙara mata kaya kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Masu shekara 65 zuwa sama su haɗa da na tsayuwa daidai, aƙalla kwana uku. Bar kwana ɗaya tsakani don jiki ya huta. Kada ka riƙe numfashi lokacin yunƙuri, musamman idan kana da hawan jini. Fitar da numfashi yayin da kake ɗagawa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba matsala ba ne.

5. Bayan rauni

Targaɗe: a kwana biyu na farko a huta da gaɓar, a ɗaga ta a kan matashi, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a gasa da ruwan zafi ko a murza da ƙarfi a waɗannan kwanaki, domin kumburi zai ƙaru. Daga nan a fara juya gaɓar a hankali, a fara takawa gwargwadon iyawa. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, a zo asibiti a ɗauki hoto, wataƙila karaya ce.

Karaya: abin da aka ɗaure shi kaɗai ne zai huta. Mai filasta a wuyan hannu ya riƙa motsa yatsu, gwiwar hannu da kafaɗa kowace rana, ya tashi ya yi tafiya. Bayan an cire filasta gaɓar takan sandare, hannun ya rame. Motsi na kullum ne ke dawo da shi, kuma yakan ɗauki watanni.

Mun san da yawa sukan fara zuwa wurin maɗori. Ko ɗori ne ko filasta, idan yatsu sun yi sanyi, sun yi baƙi, sun mutu, ko zafi yana ta ƙaruwa, ɗaurin ya matse jini. A sassauta, a zo asibiti a ranar. Jinkiri yana iya jawo a yanke hannu ko ƙafa. Tsohon da ya faɗi ya kasa tsayawa, ƙafarsa ta gajarce ta juya waje, mai yiwuwa ƙashin ƙugu ne ya karye. Kada a ja ƙafar. A ɗauko shi a kwance.

Ciwon baya: doguwar kwanciya tana ƙara shi. A ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka. Wajen ɗaukar kaya, a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce. Gara a raba ta biyu, a riƙe goma a kowane hannu.

6. Ga mata

Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55. A lokacin wani sinadarin jiki da ake kira istrojin yana raguwa, shi ne kuwa yake kare ƙashi. Shi ya sa ƙashin mace ke saurin dushewa bayan wannan lokaci. An ƙiyasta cewa a duniya mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta karye saboda dushewar ƙashi, galibi a wuyan hannu, ƙugu ko gadon baya. 'Yar'uwa, kada ki jira sai kin tsufa. Ki fara motsin nan biyar tun yanzu.

Akwai kuma tsokar da ba a gani, a ƙasan mara. Ita ce ke tallafe mafitsara, mahaifa da dubura kamar zanin goyo. Ciki, haihuwa da ɗaukar kaya masu nauyi suna sassauta ta. Alamar ita ce fitsari ya ɗiga idan kin yi tari, dariya ko atishawa, ko ki ji nauyi a gabanki kamar wani abu zai sauko. Mata da yawa suna ɓoye wannan shekara da shekaru, har su daina zuwa taro. Abu ne da ake magancewa.

Ga yadda za ki yi. Ki kwanta ko ki zauna. Ki matse kamar kina riƙe tusa da fitsari a lokaci ɗaya, ki ja sama. Ciki da cinya su kasance a sake, kina numfashi. Ƙirga biyar, ki saki, ƙirga biyar. Ki yi sau goma, sau uku a rana. Kada ki mai da shi abin yi lokacin da kike fitsari. Yakan ɗauki wata uku kafin a ga canji sosai, don haka kada ki gaji. Mai ciki da mai jego duk za su iya. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi a mako shida na farko, sai an duba ta.

Idan fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne. Motsi ba zai rufe shi ba, aikin likita yake bukata. Ki zo ki gaya wa ungozoma, a ɓoye za a saurare ki.

7. Abinci

Tsoka ba ta ginuwa da tuwo kaɗai. Tana bukatar wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, waken suya, ƙwai, kifi, nama ko nono. Ƙashi yana amfana da nono, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, zogale da kuka. A gidaje da yawa tsohuwa ce ke miƙa wa jikoki ɗan namanta. Ku lura da kwanon Kaka. Idan haƙora sun zube, a dafa wake ya yi laushi, a dama kunun gyaɗa.

8. Lokacin dakatawa

Ka tsaya nan take, ka zo asibiti, idan ka ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe. Idan gaɓa ta kumbura ta yi zafi. Ko ciwon baya ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari. Mai ciwon zuciya, ciwon sukari, hawan jini, ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan, ya fara tuntuɓar mu kafin ya soma.

Tsohuwar nan da na ambata, mun koya wa jikanta tashi da zama, ya riƙa yi tare da ita safe da yamma. Ta fara da sau uku tana dafa shi. Da ta dawo a duba hannun bayan wata biyu, da sandarta ta shigo, ba mai riƙe da ita.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane ne a gidanku ko ikkilisiyarku ya daina fitowa saboda raunin ƙafa? Wa zai riƙa ziyartarsa ya yi motsin nan tare da shi?
2. Waɗanne ayyuka ne tsofaffinmu za su iya ci gaba da yi ba tare da haɗari ba?
3. Ina ne ake yawan zamewa a gidajenmu: bakin rijiya, makewayi, ko ƙofar ɗaki da dare? Me za a gyara a wannan mako?
4. Yaya za mu taimaki 'yar'uwar da ke jin kunyar faɗin matsalar fitsari ta je wurin ungozoma?

Kafin a tashi, kowa ya gwada tashi da zama sau biyar, a sa ranar da za a sake gwadawa bayan wata ɗaya. Allah ya ba mu lafiya, ya ƙara wa iyayenmu ƙarfi.