Darasi: Hukuncin Wanda Ya Bugu a Kai Halinsa Ya Sauya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu ya shafi mutumin da ya faɗi daga kan moto, ko hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko ya tashi daga sanƙarau irin wanda ya yi mana ɓarna a shekarar 1996, aka sallamo shi daga asibiti ana murna, bayan makwanni kuma iyalinsa suka ga kamar wani aka musanya musu. Mai kunya ya koma mai ashar. Mai haƙuri ya koma mai jifa da kwano saboda an jinkirta masa tuwo. Wani kuma ya wuni a zaure ba ya motsi, har a ce masa rago.

Ku sani, a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, Allah ya sanya linzamin da ke hana mutum faɗin duk abin da ya zo masa a baki. In wurin nan ya ji rauni, linzamin sai ya saki. Likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1848, a ƙasar Amurka, sandar ƙarfe ta huda kan wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Finiyas Gej, ta fita ta sama. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma waɗanda suka san shi suka ce ba shi ba ne. Abin da ya fi wahalar da iyali shi ne sau da yawa majinyacin bai san ya sauya ba; ku yake gani kun sauya.

Saboda haka kuskure ne a yi gaggawar cewa aljanu ne ko sammu, a ɗaure shi da mari, ko a dake shi da sunan magani. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, amma ba su hana komawa wurin likita ba, musamman in farfaɗiya ta biyo baya.

To, mene ne hukuncinsa? Hankali shi ne sharaɗin ɗora wa bawa nauyi, kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya lissafa wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum uku da ba a rubuta musu laifi. Sai dai a nan ake zamewa: ba kowane mai rauni a kai ne ke shiga wannan babi ba. Da yawansu hankalinsu yana nan, kamewa ce ta yi ƙaranci, kuma hukunci yana bin halin da mutum ke ciki lokacin da ya aikata abin. Sallolin da lokacinsu ya fita yana sume, a mazhabar Imamu Malik babu ramuwa a kansa. Abin da ya fasa na maƙwabci kuwa a biya daga dukiyarsa, ko da babu zunubi. In ya shiga watsar da kuɗi, waliyyi ya riƙe masa, yana ciyar da shi daga ciki tare da magana mai daɗi, kamar yadda aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta shiryar. Saki kuwa in ya furta shi cikin tashin ciwon, kada dangi su yanke hukunci a tsakar gida. A je ga alƙali ko malami masani, a tafi da bayanin likita.

Fushin nasa ba ya tasowa haka kawai. Ku lura da abin da ya gabace shi: hayaniyar yara, gajiya, ciwon kai, yunwa, ko mutum uku suna yi masa magana lokaci ɗaya. In ya hau, mutum ɗaya ya yi magana, a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa. Gardama a wannan lokaci ƙara wa wuta kara ne. Nasiha sai ya huce. A tsara masa yininsa bisa salloli biyar, a ba shi ƙaramin aiki da zai iya, a nisanta shi da giya da taramol. A masallaci a bar masa gefen sahu kusa da ƙofa, don in abin ya taso ya fita ba tare da an zuba masa ido ba. Ladan da dattawa su tsawata wa yaran da ke tsokanarsa.

Matarsa ce ke ɗauke da mafi nauyin kayan, mu kuwa abin da muka iya shi ne mu ce mata ta yi haƙuri mu wuce. Wannan bai wadatar ba. Ƴan'uwansa maza su riƙa karɓarta a jinya, kowa da ranarsa. In ya fara dukanta ko dukan yara, uzurinsa na rashin lafiya bai wajabta mata tsayawa a dake ta ba: a raba musu makwanci, a sa namiji mai ƙarfi ya kwana kusa, a mai da shi wurin likita. Allah shi ne masani.