Tafki da Rijiya: Darasi kan Halartowar Zuciya a Zamanin Salula

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya. Bayan haka:

Ƴan'uwa, wata Juma'a bayan La'asar muna zaune a da'irar zikiri a wata zawiya a garin Tanut, hailala ta yi nisa, sai salula ta yi ƙara a aljihun wani bawan Allah. Bai ɗauka ba. Amma na ga hannuwa da dama sun nufi aljihu, har da nawa. Harshe bai daina ambaton Allah ba, carbi bai tsaya ba, zuciya kuwa ta riga ta fice daga da'ira tana tambayar wa ke kira. Wannan ɗan abin shi ne dalilin darasinmu na yau.

Abin da ya sauya a Damargu

Kakanninmu sun san Damargu a matsayin rumbun Azbin. Ayari kan sauko da gishirin Bilma da dabino, ya koma da gero, labari kuma yana tafiya ne da saurin raƙumi. Wanda ɗansa ya tafi Kano sai ya jira madugu ya dawo kafin ya ji ko yana lafiya.

Yau hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa Tanut, manyan motoci na bin ta dare da rana. A shekarar 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a yankin Bakin Birji, mai iya tace ganga 20,000 a yini, a shekarar kuma aka yanke Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samari suka ƙara yawan tafiya arewa, ban da masu cin rani a Libiya da Aljeriya. Salula ce ta haɗa su da gida. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana jin muryar ɗanta ta WhatsApp. Manomi a Gangara ko Tarka yana jin farashin gero da wake kafin ya ɗaura wa jaki kaya. Makiyayi yana tambayar inda ruwa ya sauka kafin ya kora dabbobi. Muridi yana sauraron karatun malamai na Kano da Kiyota da Kaulaha yana zaune a bukkarsa. Duk wannan ni'ima ce, godiya kuma wajibi ce a kanta.

Abin da bai sauya ba

Ɗan Adam ɗin dai shi ne na jiya. Alƙur'ani ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 30, cewa an halicce mu a kan fiɗira, wato zuciya mai karkata ga sanin Ubangijinta. Ya kuma gaya mana a Suratul Anbiya'i, aya ta 37, cewa gaggawa tana cikin halittarmu, a Suratul Ma'arij kuma, aya ta 19 zuwa 21, ya siffanta mutum da raki idan sharri ya same shi da rowa idan alheri ya zo masa. Malaman tasawwufi sun ɗauko matakan rai uku daga Littafin Allah: mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf, mai zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da natsattsiya a Suratul Fajri.

Salula ba ta kawo mana sabuwar cuta ba. Tsohuwar ta tarar, ta yi mata hanya. Gulmar da a da sai an je bakin rijiya ko rumfar kasuwa, yanzu tana shigowa har kan buzun salla. Riya da a da ke neman idon mutanen unguwa, yanzu tana ƙidaya waɗanda suka yaba hoton mutum yana riƙe da carbi.

Ya kamata kuma mu san yadda abin yake aiki. Manhajoji irin su TikTok da Facebook da talla suke samun kuɗi, tallar kuma tana biya ne gwargwadon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo. Saboda haka an gina su su lura da abin da idonka ya daɗe a kai, su ƙaro maka irinsa. Idan rigimar malamai ce ta tsayar da kai, gobe za a ninka maka ita. Ashe na'urar tana karantar son zuciyarka fiye da yadda kai kake karantarsa. Wannan abin kunya ne ga muridi, domin sanin halin rai shi ne farkon aikinsa.

Misalin Imamu Gazali

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo wani misali a Ihya'u Ulumid Din, a sashen da ya yi bayanin abubuwan mamaki na zuciya. Ya kwatanta zuciya da gurbin ruwa. Ana iya cika shi ta ƙoramu masu kwararowa daga sama, su ne gani da ji da sauran gaɓoɓi. Ana kuma iya toshe ƙoramun, a haƙa ƙasan gurbin, a kwashe turɓaya, har ruwa ya ɓuɓɓugo daga ciki. Na biyun ya fi tsabta, ya fi daɗewa.

Mutumin Damargu ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Ruwan sama na sauka tafki ya cika a dare ɗaya, ba wanda ya yi wahala. Sai dai duk abin da ruwan ya tarar a hanya da shi yake zuwa, kashin dabbobi da yayi da leda. Bayan kaka ya fara ja baya, kafin bazara ya zama busasshen taɓo. Rijiyoyinmu kuwa zurfi gare su, sai an ɗaura igiya a wuyan sa ko raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki ya iso baki. Amma ranar da zafi ya kai matuƙa, kowa bakin rijiya yake komawa.

Salula ƙorama ce wadda ba ta san rani ba, tana zuba safe da dare. Wuridi shi ne haƙar rijiya. Ba wanda ya ce a bar shan ruwan tafki, da shi ake shayar da garke duk damina, ilmi mai yawa ma ta kunne da ido yake shigowa. Abin lura shi ne ba a iya yashe rijiya alhali ƙorama na zuba a cikinta. Lazimin safe da na yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ba ya cin lokaci mai yawa. Wanda ya kasa toshe ƙoramar na wannan ɗan lokacin, ya tambayi kansa wa ke riƙe da akalar wani tsakanin shi da wayarsa.

Mu duba sharuɗɗan da muka karɓa. Akwai tsarki, da fuskantar alƙibla ga wanda ba matafiyi ba, da barin magana daga farawa har gamawa sai da lalura. Mun san Jauharatul Kamali ba a karanta ta da taimama, wanda bai sami ruwa ba sai ya maye gurbinta da Salatul Fatihi 20, mutanen daji a nan sun fi kowa sanin wannan hukunci. To idan ana kiyaye tsarkin jiki haka a ƙasar da ruwa ke da tsada, yaya za a bar zuciya ta shiga wazifa da dattin abin da ido ya gama kallo? Wanda yake duba saƙo yana jan carbi, bakinsa ya yi shiru, amma zuciyarsa hira take yi.

Na'ura mai amsa tambaya

Tun ƙarshen shekarar 2022 da aka fito da ChatGPT, ƙirƙirarriyar basira ta shiga hannun jama'a. Ana tambayarta ta amsa, har da Hausa. Aikinta shi ne jera kalmomi bisa abin da ta koya daga tarin rubuce-rubuce, don haka takan dace, takan kuma ƙaga hadisi ko sunan littafi ta faɗa babu ko ɗar. Akwai kuma fasahar kwaikwayon murya da fuska, wadda za ta iya sa wa malami maganar da bai taɓa yi ba. Umurnin da ke Suratul Hujurati, aya ta 6, na bincika labari kafin aiki da shi, yau ya hau kan duk mai tura saƙo.

Mu a ɗariƙa ba daga takarda muka ɗauki wuridi ba. Daga bakin muƙaddami mai izini muka karɓa, shi ma daga wani, har zuwa Shehu. Na'ura za ta iya kawo maka ma'anar ihsani kamar yadda ya zo a hadisin Mala'ika Jibrilu, cewa bawa ya bauta wa Allah kamar yana ganinSa, ya kuma sakankance Shi yana ganinsa. Amma ba ta taɓa tashi cikin sanyin hunturu ta yi alwala ba, ba ta da ran da za ta yaƙa, ba ta iya kallon fuskar almajiri ta gane girman kai ya fara shigarsa. Tarbiyya sai a hannun wanda aka yi wa tarbiyya.

Abin yi

Gazali ya jera matakan tsare rai a babin muraƙaba da muhasaba. Uku daga ciki sun ishe mu farawa.

Na farko, sharaɗi da safe. Kada ka taɓa salula sai ka idar da Asuba da lazimi. Ka yanke wa ranka abin da za ka nema a cikinta yau.

Na biyu, tsaro a cikin yini. Kafin ka buɗe ko ka tura wani abu, ka tuna Suratul Isra'i, aya ta 36, ta ce za a tambayi ji da gani da zuciya. Lokacin wazifa da zikirin Juma'a a kashe waya gaba ɗaya, ko a bar ta inda aka bar takalma. Muƙaddamai su fara, almajirai za su bi.

Na uku, hisabi da dare. Yawancin manyan wayoyi suna nuna awoyin da aka yi a kansu. Ka duba, ka gwada da lokacin da ka ba Alƙur'ani da iyayenka da iyalinka. In ka ga gibi ka yi istigfari, gobe ka rage. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya sa abin da ke hannunmu ya zama mai yi mana hidima a kan hanyarSa, Ya ba Damargu damina mai albarka da zaman lafiya, Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa. Amin.