Filin Kimiyya: Sauya Faifan Na'urar Gano Ƙarfe

'Yan uwa ɗalibai, wanda ya taɓa ganin na'urar gano ƙarfe a ƙasa ya san tana da wani abu kamar faifai a ƙarshen sandarta. Faifan nan naɗin waya ne, irin koyil ɗin da masu gyaran fanka ke naɗawa. Lantarki na kai da komo a cikinsa, sai ya haifar da ƙarfin maganaɗisu mai shiga ƙasa. Idan ya tarar da ƙarfe, ƙarfen ma sai ya mayar da nasa ɗan maganaɗisun, naɗi na biyu ya kama, na'ura ta yi ƙara. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831, wanda 'yan aji uku ke karantawa a Fiziks.

A Turai da Amurka mutane da yawa na neman tsofaffin kuɗi a gonaki don sha'awa kawai. Sukan cire faifan da ya zo da na'ura su sa na wani kamfani daban, kamar Nel na Yukren ko Coiltek na Ostireliya. Ba jabu ba ne, amma sai an lura.

Ga misali. Na'urar Garrett ACE 250 tana zuwa da faifai mai inci 6.5 da 9. Mutum zai iya sa mata Nel Tornado mai inci 12 da 13. Babban faifai ya fi zurfi, kuma ya fi cin fili da sauri. To amma yana da nauyi, bayan awa ɗaya kafaɗa za ta faɗa maka. Abin da ya fi wannan, yana ganin abubuwa da yawa a lokaci guda. Idan kwabo na kwance kusa da tsohuwar ƙusa, ƙarar ƙusar sai ta danne ta kwabon, ka wuce ba ka sani ba. A wuri mai tarkace, ƙaramin faifai na inci 5 ko 6 ya fi amfani, duk da ba ya zurfi. A ganina nan ne sababbin shiga suka fi asarar kuɗi, don suna zaton girma shi ne kyau.

Siffar naɗin ma tana da tasiri. Wanda ake kira DD, mai naɗi biyu da suka ɗan hau juna, ya fi jure jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe, irin marmara. Shi ya sa masu neman zinare, kamar waɗanda suka cika Djado a Nijar a 2014, ke damuwa da irin faifan da ke hannunsu.

Dole faifai ya dace da na'urar. Lantarkin ACE 250 na kaɗawa sau 6,500 a daƙiƙa, na AT Pro kuwa sau 15,000, don haka faifan ɗaya ba zai yi wa ɗaya aiki ba, ko da kamfaninsu guda. A duba sunan na'urar a jikin kwalin kafin a saya.

Bayan an sauya, a nannaɗe wayar a jikin sanda sosai, domin idan tana lilo na'urar za ta riƙa ƙarar banza. In tana da maɓallin daidaita ƙasa, a sake daidaitawa. Sannan a binne tsabar kuɗi a zurfin santimita 10, 20 da 30, a bi ta kansu da tsohon faifai da sabo, a rubuta wanda kowanne ya ji.