Iyakokin Dakatar da Majalisar Dokoki a Tsarin Sarauta: Nazari a Kan Kuwait

Gabatarwa

Wannan muƙala ta duba iyakokin da Kundin Tsarin Mulkin Kuwait na 1962 ya shata wa Sarki wajen dakatar da Majalisar Dokoki, domin gano inda iyakokin suke yin tasiri da inda suke gazawa.

Tanadin Kundi

Kundin ya bambanta ɗage zama da rushe majalisa. Sashe na 106 ya ba Sarki damar ɗage zama na tsawon lokacin da bai wuce wata guda ba, kuma ba a maimaitawa a zango ɗaya sai da amincewar majalisar. Sashe na 107 kuwa ya halatta rushewa bisa sharuɗɗa: a bayyana dalili, kada a sake rushewa saboda dalilin da aka riga aka yi amfani da shi, sannan a gudanar da zaɓe cikin wata biyu. Idan wa'adin ya cika ba a yi zaɓe ba, majalisar da aka rushe za ta dawo da cikakken ikonta. Haka nan, sashe na 181 ya haramta hana majalisa zama ko da an kafa dokar soja.

Yadda Aka Aiwatar

Waɗannan sharuɗɗa sun yi aiki a duk lokacin da Sarki ya bi ta cikin kundin. A 2012, Kotun Tsarin Mulki ta soke zaɓen da ya biyo bayan rushewa, ta maido da majalisar 2009. A 2023 ma ta maido da ta 2020.

Sai dai akwai wata hanya da kundin bai tanada ba, wato jingine sassan da suka kafa iyakar. Da haka ƙasar ta zauna babu majalisa daga 1976 zuwa 1981, da kuma daga 1986 zuwa 1992. A watan Mayun 2024, Sarki Mish'al al-Ahmad ya rushe majalisa, ya jingine wasu sassa, ciki har da na 107 da na 181, na wa'adin da ya ce ba zai wuce shekara huɗu ba.

Kammalawa

An fahimci cewa kotu na iya warware rushewar da ta saɓa wa ƙa'ida, amma hannunta bai kai ga umarnin da ya jingine ƙa'idar kanta ba. Saboda haka, ƙarfin iyakar ya rataya ne a kan amincewar mai sarauta cewa kundin yana sama da shi.