Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukaka Ƙara Bayan An Wanke Wanda Ake Tuhuma Da Kisa

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: idan rigimar gado ta kai ga asarar rai, kotu kuma ta wanke wanda ake tuhuma, shin magana ta ƙare ke nan?

To malam, ba ta ƙare ba. A Najeriya, sashe na 243 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bar wa Antoni Janar ƙofar ƙalubalantar hukuncin Babbar Kotu, kuma Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sa wa'adin kwana 90. Dangin mamaci koke za su kai ofishinsa, su kuma hanzarta. Wani zai ce ai wannan shari'a biyu ce kan laifi ɗaya. Gaskiya sashe na 36(9) ya hana hakan, amma ya yi togiya ga umarnin kotun sama, domin kada kuskuren alƙali guda ya binne haƙƙin jini.

Sai dai kotun sama ba ta gaggawar rushe hukuncin alƙalin da ya ga shaidu ido da ido. Dole a nuna ya kauce wa doka, ko ya yi watsi da hujjar da ke gabansa. Gaba kan gona ko gida tana iya nuna dalilin kisa, amma ba ta tabbatar da wanda ya aikata, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta shar'anta hujjar da ke kawar da shakka. Wannan tsauri adalci ne, saboda a rigimar gado sau da yawa shaidun ma magada ne, alhali hukuncin na iya zama kisa.